Wa ya kamata ya riƙe hannun sabuwar nas?

Sista Memuna (Asawase):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a aikin jinya. Shugabar nas-nas ta asibitinmu a nan Gana ta ce kowane ɗaki ya fitar da mutum biyu da za a horar su zama masu jagorar sababbin ma'aikata, wato yaran da suka ci jarrabawar lasisi suka zo roteshan (shekarar zagaya ɗakunan asibiti don koyon aiki), da waɗanda aka turo mana sabon fostin (turo ma'aikaci wurin aiki). Horon na kwana uku ne, kuma an ce mu kawo abin da muke ganin ya dace a koyar. Abin da ke damuna shi ne yadda muke zaɓe. Ana tada maganar sai kowa ya ce a ba wance, ai ta fi kowa daɗewa, ta fi kowa iya samun jijiya. To amma iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Wa ya cancanta, kuma me za a koya masa a kwana uku?

Fuseini (ɗakin gaggawa):
Wa alaikumus salam. Sista, kafin a kai ga abin da za a koyar, ki yi wa shugabarku tambaya ɗaya: idan an gama horon, za a rage wa mai jagora yawan marasa lafiyar da ke hannunta? Za a jera ta da yarinyar da aka ba ta a jadawalin aiki ɗaya? Domin na ga inda aka haɗa mutum biyu a takarda, ɗaya tana aikin safe takwas zuwa biyu, ɗayar tana aikin dare. Wata guda suka yi, a bakin ƙofa kawai suke gaisawa. Idan ba a gyara jadawali ba, takardar shaida kawai za a raba a watse.

Hajiya Ramatu (Aboabo):
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni na yi ritaya, amma tunda an kira manya bari in sa baki. A zamaninmu ba a kai kowa wani horo don ya koya wa na ƙasa da shi aiki. Incaji, wato shugabar ɗaki, ita ce uwa, ita ce malama. Ka zo da sassafe, ka gyara gado ta zo ta yaye zanin ta ce sake. Ka rubuta rahoto ta karanta a gabanka da jan biro. An yi mana tsawa, mun yi kuka a bayan ɗaki, amma mun fito da aiki a hannu. Abin da nake tsoro da wannan sabon tsari shi ne kada a mayar da ɗakin marasa lafiya wurin lallashi. Ran mutane ne a hannunku. Yarinyar da ba ta jin tsoron kowa ba za ta duba sunan magani sau biyu ba.

Zainabu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya sa mu gama lafiya kamar yadda kika gama. Ki ba ni izini in faɗi abin da na gani, don bara na gama roteshan.

A satina na farko a ɗakin yara an kawo yaro da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, nauyinsa kilo 12. Likita ya rubuta allurar artesunet miligiram 36. Ni abin da ya zauna a kaina shi ne miligiram 2.4 a kowane kilo, da na lissafa sai na ga bai kai 30 ba. Kwalbar tana hannuna, ban haɗa ba tukuna, sai na je na tambayi babbar da ke aiki ranar. Amsar gajera ce: yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, likita ya yi daidai. Jimla ɗaya ke nan. Amma abin da na samu shi ne ta ɗaga murya a tsakiyar ɗaki, tana tambaya me aka koya mana shekara uku, ta fizge kwalbar ta haɗa da kanta. Uwar yaron tana zaune a bakin gado tana kallo. Daga ranar har aka sallame su, in na matso da abin awon zafin jiki sai matar ta janye ɗanta ta ce a kira wata.

Mu huɗu ne sababbi a ɗakin ranar. Darasin da sauran ukun suka ɗauka shi ne kada ka tambaya. Bayan nan sai ka ga mutum ya shige bayan gida da waya yana neman amsa a intanet, ya fito ya yi abin da ya gani. Hajiya, tsoron ya shiga, amma bai sa mun ƙara dubawa ba, ɓoyewa ya koya mana.

Hajiya Ramatu (Aboabo):
'Yata, wannan ba daidai ta yi miki ba. A gaban mai jinya ba a yi wa ma'aikaci faɗa, ko a zamaninmu mai hankali ba ta yi. Kuma tambayarki ta mai lura ce. Amma ina nan kan bakata cewa akwai abin da ba a sassauci a kansa. Wadda ta ɗauko fotasiyam za ta tura kai tsaye a jijiya, abin da ke iya tsayar da zuciya, ba zan tsaya zaɓen kalma ba.

Fuseini (ɗakin gaggawa):
A nan kam babu mai ja da ke, Hajiya. A riƙe hannunta nan take. Maganar ita ce bayan an riƙe hannun, me za a ce mata, a ina, kuma gobe za ta iya dawowa wurinki da wata tambayar?

Malam Idrisu (malamin makarantar jinya):
Tunda an taɓo mu masu koyarwa, bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ɗalibin difloma shekara uku yake yi, na digiri huɗu, sannan ya zauna jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Gana. Jarrabawar tana tabbatar da cewa mutum ya san abin da zai hana shi cutar da majiyyaci. Ba ta auna yadda zai yi idan mutum uku suka kira shi lokaci ɗaya, ƙarin ruwan wannan ya tsaya, numfashin wancan ya canja, ga dangi a bakin ƙofa. Wannan a ɗaki ake koyonsa, kusa da wanda ya sani. Shi ya sa aka sa shekarar roteshan.

Wata malamar jinya 'yar Amurka, Patricia Benner, ta bayyana a 1984 cewa ma'aikacin jinya matakai biyar yake hawa daga ɗan koyo zuwa gwani. Ɗan koyo da ƙa'ida yake aiki, ɗaya bayan ɗaya. Gwani kuwa yana shiga ɗaki ya kalli fuskar majiyyaci ya san akwai matsala tun kafin a auna komai, kuma sau da yawa in ka tambaye shi yaya aka yi ya gane, ba zai iya warware maka ba. To wannan shi ne abin da Sista Memuna ta hango. Wadda ta shekara ashirin ta manta yadda rashin sani yake. Wadda ta shekara uku ko huɗu tana tuna inda ta yi tuntuɓe, kuma har yanzu tana iya faɗin matakan da baki. Ni da za a bi tawa, irin waɗannan za a zaɓa su yi jagorar yau da kullum, manya su tsaya a bayansu.

Sai abu na biyu da ba mu cika faɗa ba. Bayan roteshan ba nan take ake ɗaukar mutum aiki a gwamnati ba, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗaukar ma'aikata, kuma kowa a nan ya san waɗanda suka yi shekaru a gida suna jira. Wanda aka turo muku bayan dogon zama, a takarda ya gama komai, amma hannunsa ya yi sanyi. Sau da yawa ya fi ɗan roteshan bukatar jagora, kuma ya fi jin kunyar nema, don ana yi masa kallon cikakken ma'aikaci.

Zainabu:
Malam, wallahi kamar ka shiga zuciyata. Yanzu haka ina taya yayata a shagonta a kasuwar Kejetia ta Kumasi ina jiran fostin. Duk lokacin da na tuna ranar da za a ce ga ɗaki ki riƙe, gabana faɗuwa yake.

Rukaya (Ingila):
Salam ga kowa, gaisuwa ta musamman ga Hajiya. Bari in faɗi yadda ake yi a nan, ko da abin ɗauka. Hukumar nas-nas ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin wannan jagoranci a 2020, sannan hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da tsari na ƙasa a 2022. Sabon ma'aikaci ana ba shi mai jagora da sunansa, na wata shida zuwa shekara. A makonnin farko ba a lissafa shi cikin adadin ma'aikatan da ke riƙe da ɗaki, yana bin wani ne yana gani. Ana zama lokaci-lokaci a rubuta me ya iya, me ya rage. Ita ma mai jagorar ana ware mata sa'o'i don wannan aikin. Ba na ce ko'ina ake cika shi ba, a nan ma in ma'aikata sun yi ƙaranci abin yana lalacewa. Amma da yake a rubuce yake, kana da bakin tambaya.

Fuseini (ɗakin gaggawa):
Rukaya, ba don in sosa miki rai ba, amma su suna da mutanen da za su ware. Wasu daga cikin mutanen ma namu ne. Gana tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda bai kamata a zo ana ɗibar ma'aikatansu ba, amma mutum yana da damar neman aiki da kansa, kuma ana tafiya. Su wa ke tafiya? Daidai waɗanda Malam Idrisu ya ce a zaɓa, masu shekara uku zuwa goma. Sai ka shiga ɗaki ka tarar da incaji da ta kusa ritaya da yara sababbi, tsakiya babu kowa.

Rukaya (Ingila):
Gaskiya ka faɗa, ban ji haushi ba. Kowa da dalilin da ya fitar da shi, kuma albashi ne kan gaba. Amma ka tambayi waɗanda suka taho, da yawa za su gaya maka tun shekarar farko zuciyarsu ta bar wurin, saboda yadda aka karɓe su.

Anti Fati (ungozoma, Tafo):
Kun yi nisa, bari in dawo da ku kan tambayar Memuna: me za a koyar a kwana uku. Ni a ganina abu mafi wuya da mai jagora za ta koya shi ne ta riƙe hannunta. Mu da muka saba, in muka ga yarinya tana jinkiri sai mu ce kawo nan, mu yi a minti ɗaya. Aiki ya tafi, ita kuwa ba ta koyi komai ba sai cewa ba ta iya ba.

Ga yadda nake yi da maganiziyam salfet, maganin jijjigar masu ciki, tunda ita ba ta jiran kowa. Ranar da babu gaggawa nake zaunar da yarinya da kwalaben a gabanmu. Giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu ana sauya gefe. Ta lissafa mililita nawa ke nan daga kwalbar da muke da ita, da bironta, ba da nawa ba. In lokacin allura ta gaba ya yi a kan majiyyaciya ta gaske, ba na ce mata yi kaza. Tambayarta nake: kafin ki ba ta, me za ki duba? Sai ta ƙirga numfashi ta ga bai gaza 16 a minti ba, ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta motsa, ta duba jakar fitsari ta ga yana kai mililita 30 a awa. In ta manta ɗaya, sai in ce saura me? In yi shiru. Shirun nan yana da wuya, bakinka yana ƙaiƙayi, amma a cikinsa take nemo amsar, kuma wadda ta nemo da kanta ba ta mantawa. Daga ƙarshe in ce nuna mini inda kalsiyam gulukonet, makarin maganiziyam ɗin, yake, ta je ta ɗauko ta sa a hannuna. Domin ranar da numfashin mace zai yi ƙasa da ƙarfe uku na dare, ba lokacin neman makullin kabad ba ne.

Wannan ana iya koya wa mutum a horo. A haɗa su biyu-biyu, ɗaya ta zama sabuwa, ɗaya mai jagora, a ba su aiki na gaske kamar lissafin ɗigon ƙarin ruwa, sauran su zauna su ga sau nawa mai jagorar ta katse ta ko ta karɓe. A bar dogon jawabi da majigi.

Sista Memuna (Asawase):
Anti, Allah ya saka da alheri. Wannan na haɗa su biyu-biyu zan kai shi yadda kika faɗe shi.

Malam Sani (Sawaba):
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, tela ne, 'yata ce ke shekara ta biyu a makarantar jinya shi ya sa aka sa ni a nan. Amma na yi jinyar mahaifiyata, na kwana a benci. Abin da na lura, yarinyar da aka yi wa tsawa da safe, da rana a kanmu take saukewa. Mu a zango ana yawan cewa nas-nas ba su da kirki, har wasu tsofaffi sun gwammace su sayi magani a kemis da su je asibiti. To ashe abin daga sama yake gangarowa. Tambayata: ya halatta a gaya wa majiyyaci cewa wannan sabuwa ce? Ni dai da na so in sani.

Anti Fati (ungozoma, Tafo):
Malam, ya halatta, hakkinku ne ma. Yadda ake faɗa ne abin lura. Ni nakan ce, Maame, wannan abokiyar aikina ce, ta gama karatu tana da lasisi, ita za ta yi miki ina tsaye. Ban taɓa ɓoyewa ba, kuma da wuya a ƙi. In aka ƙi, sai in yi da kaina ba tare da na kunyata kowa ba.

Ayisha (Sabon Zongo):
Akwai wata matsala da ta shafe mu 'yan zango kai tsaye, ban ga an taɓo ta ba. Da zarar an gane sabuwar nas tana jin Hausa, ta zama tafinta. Tsohuwa ta zo ba ta jin Turanci, Twi ɗinta na ciniki ne kawai, sai a aiko daga wani ɗaki a kira ta. Wadda ke jin Dagbani ko Frafra ma haka, musamman in an kawo 'yan kayaye, matan nan masu dako a kasuwa. Taimako ne, lada ne, ba mai ƙi. Amma sai wata uku su wuce abokan zuwanta sun iya sa robar fitsari da ƙarin jini, ita tana yawo tsakanin ɗakuna. Mai jagora ya kamata ta san wannan, ta iya cewa a'a, yanzu tana kan aiki, a jira ta gama. Sabuwa ba ta da bakin faɗin haka da kanta. Haka maganar salla a aikin rana, biyu zuwa takwas, La'asar da Magariba duk a ciki suke. Yarinya tana jin nauyin tambaya. A ranar farko a gaya mata wa za ta miƙa wa marasa lafiyarta na minti goma, magana ta ƙare.

Awal:
Duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya ambaci kuɗi. Ƙarin aiki ne fa. Ko sidi ɗaya za a ƙara wa mai jagora?

Hajiya Ramatu (Aboabo):
Ɗana, wadda ta koya maka nawa ka biya ta? Koyar da na baya yana cikin aikin, ba ƙari ba ne.

Awal:
Hajiya, da girmanki, ban musa ba. Amma yau an ce a rubuta rahoto a kan yarinya, a zauna da ita, a sa hannu a littafinta, in ta yi kuskure a kira ka. Abin da aka ɗora wa nauyi haka, in babu sakamako, masu kirki kaɗan ne za su ɗauka su gaji, sauran su zille.

Malam Idrisu (malamin makarantar jinya):
Ina ganin akwai tsakiya. Asibiti ba zai iya taɓa albashi ba, amma duk mai lasisi yana bukatar makin ƙarin ilimi kafin ya sabunta PIN ɗinsa, wato lambar lasisin aikinsa. A nemi a amince da horon a matsayin mai ba da maki, a kuma rubuta jagorancin a takardar auna aikin shekara don ya yi amfani lokacin ƙarin girma. Tunda Awal ya ambaci littafi, ga abin da ya fi damuna. Ana kawo littafin roteshan a ranar ƙarshe, a jere shafuka, incaji ta sa hannu daga sama har ƙasa a kan ayyukan da ba ta ga an yi ba. Tausayi ne ke sa ta, kada yarinya ta makara. Amma sa hannun nan shaida ce, asibitin da za a tura ta gobe da shi zai dogara ya bar ta ita kaɗai da majiyyaci. A koya wa masu jagora su sa hannu a ranar da suka gani, kuma su iya cewa ba ki kai ba tukuna, mu sake ranar Alhamis.

Hajiya Ramatu (Aboabo):
To Malam, ka ga mun haɗu. Abin da nake nufi da rashin sassauci ke nan. In za a koya musu faɗin "ba ki kai ba" ido da ido ba tare da zagi ba, na sa albarka.

Fuseini (ɗakin gaggawa):
Saura aikin dare. Ni ra'ayina kada a sa sabuwa dare a watan farko sam.

Hajiya Ramatu (Aboabo):
A'a, a nan ban bi ka ba. Da dare ake samun natsuwar koyarwa, babu zagayen likitoci, babu dangi. A sa ta, amma tare da mai jagorarta, kuma kada a lissafa ta cikin adadin masu riƙe da ɗaki.

Fuseini (ɗakin gaggawa):
Hajiya, a ɗakinku na da wataƙila. A gaggawa daren Asabar babu natsuwa, hatsarin mota da na babur ne ke shigowa. Kuma in aka rubuta sunanta a dare, ranar da wata ta kira ta ce ɗanta ba lafiya, da ita za a cike gurbin, ko an so ko ba a so ba.

Sista Memuna (Asawase):
Wannan sai dai kowane ɗaki ya yanke nasa, namu na mata ne masu ciwon ciki da hawan jini, dare yakan lafa. Hajiya, ina da roƙo. In shugabarmu ta yarda, za ki zo ki zauna da su ko na awa ɗaya a rana ta biyu? Zainabu, ke ma ina so ki zo ki ba da labarin artesunet ɗin nan da bakinki, ba sai kin faɗi inda ya faru ba.

Zainabu:
In sha Allahu zan zo, Sista. Ki sanar da ni da wuri in samu mai tsaya mini a shago.

Hajiya Ramatu (Aboabo):
Zan zo in Allah ya kai mu, banda ranar Juma'a. Ki turo mini jadawalin aikin ɗakinku na watan gobe tukuna, ina so in ga ko an jera kowace yarinya da tata kafin in buɗe baki.